AFN: Hukumar da ke kula da guje-guje a Najeriya, da hanyar da yaro ke bi daga filin makaranta zuwa rigar ƙasa

Hukumar Wasannin Guje-guje da Tsalle-tsalle ta Najeriya, wadda aka fi sani da AFN, ita ce ke da alhakin duk wasan da ya shafi tsere, tsalle da jifa a ƙasar nan. Babu ɗan wasan da zai sa rigar kore da fari ya wakilci Najeriya a gasar Afirka ko ta duniya sai da sa hannunta. Ita ke shirya gasar zakarun ƙasa, ita ke zaɓen tawaga, ita ke tantance tarihin da aka kafa, kuma ita ce hukumar duniya ke kira idan wani abu ya lalace.

Yawancinmu ƙwallon ƙafa muka fi bibiya, shi ya sa mutane da dama ba su san cewa a cikin lambobin yabo 27 da Najeriya ta taɓa samu a gasar Olamfik, 14 daga guje-guje da tsalle-tsalle suka fito ba. Sama da rabi ke nan. Kuma ga mu mazauna Legas, Ibadan, Abekuta, Binin, Asaba, Warri da Fatakwal, filayen da ake yin manyan gasannin nan a bakin ƙofarmu suke, 'ya'yanmu kuma suna makarantun da ake tsinto 'yan wasan. Don haka ga bayani kan wannan hukuma: asalinta, aikinta, inda ta yi nasara, inda take yin ɓari, da abin da ya kamata iyaye su sani.

Asalinta

An kafa hukumar a shekarar 1944, zamanin Turawan mulkin mallaka, a matsayin ƙungiyar 'yan wasan da ba a biyan su. Tun kafin nan makarantu na yin gasa a tsakaninsu, irin su gasar kofin Grier da ta garkuwar Hussey, sojoji da 'yan sanda su ma suna da nasu. Aikin sabuwar ƙungiyar shi ne ta haɗa waɗannan duka ƙarƙashin doka ɗaya, ta kuma fitar da tawaga da sunan ƙasa.

Ba a daɗe ba aka fara ganin amfanin hakan. A 1950 Josiah Majekodunmi ya ci lambar azurfa a tsallen sama a gasar ƙasashen renon Ingila da aka yi a Auckland. A 1952 Najeriya ta je Olamfik karo na farko a birnin Helsinki, kuma 'yan guje-guje da tsalle-tsalle ne suka wakilce ta. A 1954 kuma Emmanuel Ifeajuna ya ci zinare a tsallen sama a Vancouver da ke Kanada, inda ya tsallake mita 2.03. Shi ne baƙar fatan Afirka na farko da ya ci zinare a babbar gasa irin wannan, har aka riƙa buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta.

Wa ke sama da wa?

A nan ne mutane ke yawan ruɗewa, domin iyayen gidan AFN biyu ne.

Ta fuskar doka da ƙa'idojin wasa, tana ƙarƙashin hukumar duniya, World Athletics, mai hedikwata a Monako, wadda kafin 2019 ake kira IAAF. Akwai kuma hukumar nahiyar Afirka, CAA, mai mazauni a Dakar. Waɗannan ne ke faɗin yadda fili zai kasance, yadda ake auna lokaci, shekarun da yaro zai shiga kowane rukuni, da abubuwan da aka haramta sha.

Ta fuskar kuɗi kuwa, gwamnatin tarayya ce uwa. A da Ma'aikatar Wasanni ce ke riƙe da aljihun. A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya rushe ma'aikatar, ya mayar da aikinta hannun Hukumar Wasanni ta Ƙasa, ya naɗa Shehu Dikko shugabanta. Sannan idan batun Olamfik ne ko gasar ƙasashen renon Ingila, sai sunayen da AFN ta zaɓa sun bi ta hannun Kwamitin Olamfik na Najeriya kafin su isa ga masu shirya gasar.

Ofishin hukumar na babban filin wasa na Moshood Abiola a Abuja. Duk bayan shekara huɗu ake zaɓen majalisar gudanarwarta, mai wakilai daga shiyyoyi shida na ƙasar nan da wakilan 'yan wasa, masu horarwa da sauran masu ruwa da tsaki. A ƙarƙashinta kowace jiha na da tata ƙungiyar guje-guje, wadda ke zaune a ofishin hukumar wasanni ta jihar. Wani abin lura: sakataren hukumar galibi ma'aikacin gwamnati ne da ake turowa, alhali shugaba zaɓaɓɓe ne. Hukumar duniya na cewa gwamnati ta cire hannunta, gwamnati kuma na cewa wanda ke biyan kuɗi dole ya san inda kuɗinsa ke zuwa. Rigingimu da dama daga nan suke tasowa.

Aikin da ke wuyanta

Na farko shi ne jadawalin gasa. Ɗan tsere ba ya girma da atisaye kaɗai, sai yana karawa da waɗanda suka fi shi. Aikin AFN ne ta tsara gasanni tun daga farkon shekara har zuwa gasar zakarun ƙasa, wadda yawanci ita ce gwajin zaɓen tawaga. An yi ta a filin Samuel Ogbemudia da ke Binin a 2022, 2023 da 2024, an kuma yi ta a filin kwalejin fasaha ta Yaba a Legas a 2021 da 2025.

Na biyu shi ne tantance sakamako. Hukumar duniya ba ta karɓar lokacin da malamin makaranta ya auna da agogon hannu a gajeren tsere. Sai an yi gasar a fili mai zagayen mita 400 da aka tantance, da na'urar auna lokaci mai kamara, da ma'aunin iska. Idan iskar da ke tura ɗan tsere ta wuce mita 2 a daƙiƙa guda, lokacin ba ya shiga kundin tarihi. Yaro zai iya zama guguwa, amma in bai yi gudun a gasar da aka yi wa rajista ba, a idon duniya bai yi komai ba.

Na uku shi ne horar da masu horarwa da alƙalan wasa. Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa da ke cikin filin wasa na Surulere a Legas ta daɗe tana yaye kociyoyi, hukumar duniya kuma na da kwasa-kwasai hawa-hawa da ake shiryawa ta hannun AFN.

Na huɗu shi ne takardu: rajistar 'yan wasa, tabbatar da shekarun haihuwa, shigar da sunaye cikin lokaci, neman biza, tikiti da masauki. Na biyar kuma gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da wayar wa 'yan wasa kai a kansu. Waɗannan biyun na ƙarshe ba a ganin su a talabijin, amma kamar yadda za mu gani a gaba, su ne suka fi jawo wa Najeriya asara a 'yan shekarun nan.

Matakalar da yaro ke hawa

AFN ba ta da jami'an da ke yawo unguwa-unguwa suna neman yara masu gudu. Wanda ke fara gano yaro shi ne malamin wasanni a makaranta, ranar gasar gidaje da yara ke kira intahaus. Daga nan sai gasar makarantun ƙaramar hukuma da ta jiha, inda kociyoyin hukumar wasanni ta jiha ke zuwa su zuba ido.

Mataki na gaba shi ne Gasar Matasa ta Ƙasa, ta 'yan ƙasa da shekara 15, wadda aka fara a Abuja a 2013. An yi ta sau da dama a jami'ar Ilori, daga 2023 kuma ta koma Asaba. Sai babbar gasar wasanni ta ƙasa da jihohi ke fafatawa, wadda aka ƙirƙiro a Legas a 1973 don haɗa kan 'yan ƙasa bayan yaƙin basasa. Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009, Binin a 2021, Asaba a 2022, Abekuta a 2025. Ga kuma gasar jami'o'i, NUGA, da ta kwalejojin fasaha.

Waɗannan gasannin ba AFN ce mai su ba, na gwamnati ne ko na makarantu. Abin da ke hannunta shi ne ta kawo alƙalai, ta rubuta sakamako, ta ɗebi waɗanda suka yi fice ta kai su sansanin horo, sannan ta tura su gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 18 da ta 'yan ƙasa da 20. A lura, ana lissafin shekarun ne da abin da yaro zai cika ranar 31 ga Disamba na shekarar gasar.

Misalin Tobi Amusan ya isa a ga yadda matakalar ke aiki idan ta yi aiki. 'Yar Ijebu Ode ce a jihar Ogun, daga makaranta ta fara. A 2013 ta ci azurfa a tseren mita 200 a gasar matasan Afirka ta farko da aka yi a Warri. A 2015 ta ci zinare a tseren tsallake shinge a gasar wasannin Afirka a Brazzaville. Daga nan jami'ar Texas da ke El Paso ta ba ta gurbin karatu. A watan Yulin 2022, a birnin Eugene na Amurka, ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12, kuma a ranar ta zama 'yar Najeriya ta farko da ta ci zinare a gasar zakarun duniya.

Bayan matakin matasa akwai wata tambaya: da me ɗan wasa zai ci abinci? A Najeriya amsar ta daɗe tana hannun masu kaki. 'Yan sanda, sojoji, kwastan, gidan gyaran hali da sibil difens na ɗaukar 'yan wasa aiki, su ba su albashi, su bar su suna atisaye. Chioma Ajunwa 'yar sanda ce, marigayi Sunday Bada shi ma ɗan sanda ne.

Lokacin da gonar ta yi albarka

Tsofaffin 'yan wasa kan ce zamanin da aka fi cin moriya shi ne daga shekarun 1970 zuwa ƙarshen 1990. A tsohuwar jihar Yamma ta Tsakiya, gwamna Samuel Ogbemudia ya gina sansanin horo a Afuze, ya zuba kuɗi a wasannin makarantu, kuma har yau jihohin Edo da Delta na cin gajiyar wannan shuka. An kawo ƙwararrun kociyoyi daga waje, cikinsu har da Lee Evans, Ba'amurken da ya ci zinare a tseren mita 400 a Olamfik ta 1968, wanda ya yi shekaru yana horar da 'yan Najeriya, a Legas ma ya rasu a 2021. Kamfanin mai na Mobil kuma ya yi shekaru masu yawa yana ɗaukar nauyin gasar zakarun ƙasa, ta yadda 'yan wasan da ke Amurka da Turai dole su dawo gida su kare matsayinsu a gaban 'yan gida.

Sakamakon ya biyo baya. Lambar farko ta guje-guje a Olamfik ta zo a 1984 a Los Angeles, tagulla a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, tare da su Innocent Egbunike. A 1992 a Barcelona maza suka ci azurfa, mata suka ci tagulla, duk a miƙa sanda na mita 100 sau huɗu. A 1996 a Atlanta aka samu lambobi huɗu: Chioma Ajunwa ta ci zinare a dogon tsalle da mita 7.12, Falilat Ogunkoya tagulla a mita 400, Mary Onyali tagulla a mita 200, sai azurfa a miƙa sanda na mata, wanda Fatima Yusuf na cikin waɗanda suka gudu.

A 2000 a Sydney, Glory Alozie ta ci azurfa a tsallake shinge, maza kuma suka zo na biyu a mita 400 sau huɗu. Daga baya wani ɗan tawagar Amurka ya amsa cewa ya sha ƙwaya, aka ƙwace zinaren, aka ba Najeriya a 2012. Sunday Bada bai ga wannan rana ba, ya rasu a watan Disamban 2011. A 2004 a Athens an samu tagulla biyu a miƙa sanda, a 2008 a Beijing lambobi biyu da daga baya aka ɗaga su zuwa azurfa, sai Ese Brume da ta ci tagulla a dogon tsalle a Tokyo.

Idan aka duba lissafin, takwas daga cikin 14 ɗin nan a miƙa sanda aka same su, wasan da ke buƙatar sansani, da koci, da mutum huɗu su saba da hannun juna. Wato aikin hukuma ne kai tsaye. Sauran shidan da mutum ya ci shi kaɗai kuwa, duk mata ne suka ciyo su.

Inda ake yin ɓari

A 2017 aka zaɓi Ibrahim Shehu Gusau shugaban AFN. Zuwa ƙarshen 2019 majalisar gudanarwar ta rabu gida biyu, wani ɓangare na tare da shi, wani na tare da ma'aikatar wasanni, aka yi ta shiga kotu ana fita. A watan Yunin 2021, saura 'yan makonni a fara Olamfik, aka yi zaɓe biyu, ɗaya a Kebbi, ɗaya a Abuja. Na Abuja, wanda ya kawo Tonobok Okowa, shi ne ya ci gaba da riƙe hukumar. A wannan tsakanin ne kuma aka yi ta jan-in-ja kan wasu kuɗi: a 2017 hukumar duniya ta turo dala 150,000 bisa kuskure maimakon dala 15,000, aka shafe kusan shekara biyu kafin a daidaita kan mayar da rarar.

Idan manya na kokawa, ciyawa ce ke shan wahala. Saboda tarihin matsalar ƙwayoyi, sashen da ke sa ido kan gaskiya a wasannin guje-guje na duniya, AIU, ya sa Najeriya a rukunin ƙasashen da aka fi tsananta wa. Dokar rukunin ta ce dole a yi wa kowane ɗan wasa gwajin ba-zata sau uku a wajen lokacin gasa, cikin wata goma kafin babbar gasa, da tazarar aƙalla mako uku tsakanin gwaji da gwaji. Ba a cika wannan sharaɗi ba. Ana cikin Tokyo aka sanar cewa 'yan wasa 20 daga ƙasashe daban-daban ba za su yi wasa ba, goma daga ciki 'yan Najeriya ne. Ba a kama su da laifin shan komai ba, gwajin ne kawai ba a yi musu yadda doka ta ce ba. Suka fito kan titi a Tokyo ɗauke da kwalaye suna zanga-zanga. A daidai lokacin kamfanin Puma ya soke yarjejeniyar kayan wasa da ya ƙulla da hukumar, domin rikicin shugabancin ya hana a sa kayan nasa.

A Paris a 2024 an sake. Favour Ofili, wadda tana cikin goman da aka hana a Tokyo, ta cika sharaɗin shiga tseren mita 100, ta kuma ci gasar ƙasa a Binin, amma ba a shigar da sunanta ba. Ta gudu a mita 200 ta zo ta shida a wasan ƙarshe. Kwamitin binciken da ministan wasanni na lokacin, John Enoh, ya kafa ya ɗora alhakin kan jami'an AFN, ya ba da shawarar a biya ta diyya. Najeriya ta dawo daga Paris ba ko lamba ɗaya.

Su ma 'yan wasan akwai masu nasu laifin. An dakatar da Blessing Okagbare ana tsakiyar gasar Tokyo, daga baya aka yanke mata haramcin shekara 11. An haramta wa Divine Oduduru wasa na shekara shida a 2023. Najeriya ba ta da ɗakin gwajin da hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta duniya ta amince da shi, sai an tura samfurin jini da fitsari ƙasar waje, kuma wannan kuɗi ne mai yawa da dole a tanada tun farkon shekara.

Masu sauya ƙasa

Ɗaya daga cikin goman Tokyo, Annette Echikunwoke, mai jifan guduma, haifaffiyar Amurka ce da ta zaɓi ta wakilci ƙasar iyayenta. Bayan abin da ya faru ta koma wa Amurka, ta ciyo mata azurfa a Paris.

Ba ita ce farau ba. Francis Obikwelu ya koma Fotugal bayan ya koka cewa an yi watsi da shi lokacin da ya ji rauni, ya ci mata azurfa a mita 100 a 2004. Glory Alozie ta koma Sifen. Femi Ogunode ya koma Qatar. Kemi Adekoya ta koma Bahrain. Salwa Eid Naser, wadda aka haifa a jihar Anambra, ta ci wa Bahrain zinaren duniya a mita 400 a Doha a 2019 da daƙiƙa 48.14.

Hukumar duniya ta tsaurara dokar sauya ƙasa: sai an jira shekara uku, ba a yarda ɗan ƙasa da shekara 20 ya sauya ba, kuma sau ɗaya ake yi. Duk da haka dokar ba za ta riƙe wanda ba a kula da raunin ƙafarsa ba, ko wanda aka manta da sunansa a takarda.

Dogaro da jami'o'in Amurka

Tun zamanin su Egbunike, Chidi Imoh da Mary Onyali, yawancin taurarin Najeriya a jami'o'in Amurka suke kammala girma. Can akwai fili, likita, abinci, koci da gasa kusan kowane mako. Har yanzu haka abin yake. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Nairobi a 2021, Najeriya ta ci zinare huɗu da tagulla uku ta zo ta uku a duniya, kuma da yawa daga cikin yaran a Amurka suka ci gaba. Samuel Ogazi, wanda ya taso a Kaduna, daga jami'ar Alabama ya kai wasan ƙarshe na mita 400 a Paris, abin da namiji ɗan Najeriya bai yi ba tun Egbunike a 1988.

Alheri ne ga yaran, suna samun digiri kyauta. Illar ita ce wanda bai samu gurbin ba, ko takardunsa na makaranta ba su yi kyau ba, sau da yawa a nan tafiyarsa ke tsayawa. Kamfanoni masu zaman kansu sun fara cike giɓin, kamar gasar makarantu ta MTN CHAMPS da ake yi a birane daban-daban tun 2023, amma tsarin da zai riƙe ɗan wasa daga shekara 18 zuwa 23 a cikin gida, aikin hukuma ne.

Gudun dogon zango

Ƙarfin Najeriya a gajeren tsere yake, da tsalle da ɗan jifa. A gudun fanfalaki kuwa an bar mu a baya. Abbas Mohammed ya kafa tarihin ƙasa a tseren kilomita 42 a 1990 da awa 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, kuma tarihin ya shafe sama da shekara 30 ba wanda ya karya. Gasar fanfalaki ta Legas da aka fara a 2016, da tseren kilomita 10 na Okpekpe a jihar Edo, 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kyaututtukan. A rukunin 'yan gida kuwa, 'yan jihar Filato ne suka fi yin fice, musamman masu atisaye a Pankshin.

Dalilin a bayyane yake. Masu dogon gudu na Kenya a kan tsaunuka suke atisaye, inda iska ba ta da kauri, jiki ya saba da ƙarancinta. Najeriya na da irin wannan wuri a tsaunukan Jos da Mambila. An daɗe ana maganar kafa sansanin dindindin a can, kuma nan ne ɓangaren da matasan Arewa za su fi samun ƙofar shiga idan hukuma da jihohi suka mayar da hankali.

Abin da iyaye mazauna Kudu ya kamata su sani

Yaron da ke karatu a Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Shagamu ta makarantarsa zai fara, kuma jihar da yake zaune ita ce ƙofarsa mafi kusa. A gasannin ƙasa an saba ganin 'yan wasa na wakiltar jihar da ba ta iyayensu ba, jihohi ma har zawarcin masu hazaƙa suke yi. Idan malamin wasanni ya ce yaronka na da gudu, ka je ofishin hukumar wasanni ta jiha da ke babban filin wasa, ka nemi kocin guje-guje, ka san shi ido da ido.

Ka riƙe takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, kuma ranar haihuwar da ke kanta ta zama ita ce a lambar NIN, da fasfo, da takardun makaranta. Duk wanda ya ce a rage wa yaro shekaru don ya shiga rukunin ƙanana, cutar sa zai yi, domin ranar da aka ga kwanan wata biyu sun saɓa, yaron ake hukuntawa.

Kada a bar karatu. Jami'o'in waje sai sun ga sakamakon WAEC ko NECO kafin su ba da gurbi, komai gudun yaro. A kuma yi hattara da dillalan da ke neman kuɗi da sunan za su fitar da yaro waje. Kocin jami'a na gaskiya sakamakon da aka tantance yake dubawa.

Batun magani kuma ba wasa ba ne. A dokar wasanni duk abin da aka samu a jikin ɗan wasa shi ke da alhakinsa, ko da bai san ya sha ba. Tiramadol na cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa tun farkon 2024. Jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a tasha, da allurar kemis, da maganin da ba a san haɗinsa ba, duk suna iya rufe wa yaro ƙofa na shekaru.

Ga 'ya'ya mata, iyaye da yawa sutura ce damuwarsu. Dokar hukumar duniya ba ta hana dogon wando, riga mai dogon hannu ko ɗankwali ba. Ruqaya Al-Ghasra ta Bahrain da hijabinta ta ci zinare a mita 200 a gasar Asiya ta 2006, ta kuma gudu da shi a Olamfik. Abin da ya kamata uba ko uwa su tabbatar shi ne wa ke horar da yarinyar, a ina, kuma wace mace ce ke raka su idan tafiya ta kama.

Shugabannin unguwanni da ƙungiyoyin matasanmu sun saba haɗa kuɗi su shirya gasar ƙwallo lokacin Sallah. Ƙara tseren mita 100, da 400, da miƙa sanda a ranar ba zai ci wani kuɗi ba, kuma gayyatar koci daga hukumar wasanni ta jiha ya zo ya kalla takarda ɗaya ce daga fadar Sarkin Hausawa.